Daga Maraɗi zuwa Katsina: bin sawun kakanni

Duk ma'aikacin da ya buɗe takardar haihuwar mahaifinsa, ko ɗan kasuwar da ya nemi ta kakansa saboda rabon gado, ya san inda takarda take tsayawa. Sau da yawa abin da ke ciki bai wuce kalmomi biyu na Faransanci ba, « né vers », wato an haife shi wajen shekara kaza, sai sunan gari. Bamaraɗen da ke son sanin inda gidansu ya fito, sai ya ninke takardar ya nufi tasha, domin sauran labarin yana kan hanyar Katsina.

Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mota ta bar Maraɗi ta yi kudu, ta wuce Jiratawa, ta tsaya Ɗan Isa wajen ƴan duwan, ta ƙetare iyaka ta faɗa Jibiya. Gulbin Maraɗi ma ta nan yake gangarowa da damina daga ƙasar Katsina. Iyakar da ake duba takardu a kanta, Faransa da Ingila ne sunka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Ƙaurar kakanni ta girme ta da kusan shekara 100.

A 1807, cikin jihadin Shehu Usmanu, birnin Katsina ya faɗa hannun Malam Umarun Dallaji. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, ragowar gidan sarauta sunka fake a Damagaram. Wajen 1819 mutanen kwarin gulbi sunka yi tawaye, sunka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna Maraɗi da jama'arsa. Shi ya sa har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa.

Baƙon da ya zagaya ganuwar Katsina zai ji kamar bai bar gida ba. Ga Ƙofar Ƙaura, ga Ƙofar Durɓi, ga Ƙofar Ƴandaka: sunayen da muke ji a fadar Maraɗi, inda Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi suke manyan majalisa. Masu gudun hijira ba su ɗauki ganuwa ba, ba su ɗauki hasumiyar Gobarau ba, amma sun ɗauki sarautunsu. Wanda aka gaya masa kakansa bara ne na gidan Ƙaura, ko ɗan unguwar Ƴandaka, ya riga ya kama bakin zaren. Ko ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari ta sa anka hau tudu, ba ta tafi da sunayen unguwanni ba: Bagalam, Limanci, Mokoyo, Maradawa da Ɗan Gulbi duk sun hau tudun tare da mutanensu.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara. Ba kowane Bamaraɗe ne ya biyo Ɗan Kasawa ba. Ya tarar da Anna masu ƙasa a kwari, kuma sunan garin kansa sarautar wani babba ce da ya iske a wurin. Bayansa Gobirawa sun zo, Barebari da Buzaye sun zo, cinikin gyaɗa na zamanin Nasara ya jawo wasu. Maroƙi kuwa, in ka cika masa hannu, kafin la'asar ya haɗa ka da Korau. Asalin da anka saya da kuɗi ba ya tsayawa gaban alƙali ranar shari'ar gona, ba ya tsayawa gaban dattawa ranar neman aure. Manomi ko maƙeri ko fatake, kakan gaskiya ya fi yariman aro.

Mai bincike na gaske daga ɗakin tsohuwa yake farawa. Ya tambayi kirarin gidan, da zanen da ke fuskar kaka, da sana'ar gado, da waɗanda gidan ke wasan taubasai da su, da garin da ake kai goron suna ko gaisuwar mutuwa. Ya ji bakin dangin uba, ya ji na dangin uwa, ya rubuta inda sunka dace da inda sunka saɓa. Sa'an nan ya duba bangon tsofaffin littattafan malaman gidan, inda akan bar sunan mai rubutu da na ubansa cikin ajami. Daga baya ne zai nufi Yamai, gidan ajiyar takardun ƙasa da cibiyar IRSH. Jerin sarakunan da tafinta Landeroin ya tattara cikin tawagar Tilho, tsakanin 1906 da 1909, da littafin Philippe David na 1964 kan tsohuwar daula da tsohon garin Maraɗi, su ne ma'aunin da za a ɗora maganar tsofaffi a kai.

Takardun Yamai suna iya jira, ganuwar Katsina ma haka. Tsofaffin da sunka ga ruwan 1945 da idonsu kuwa duk sun haura shekara 80. Wanda ke da irinsu a gida, ya sayi goro ya je ya durƙusa tun wannan mako. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gaji halinsu na kirki.