Mai Amalanke Da Fataken Gwanja

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same ni a makarantarmu ta allo a nan Bronx, cikin birnin New York.

Ran wata Asabar da aka tashi daga karatu, na tambayi yara, na ce, "Gishirin da ake sa wa miya, daga ina ya fito?" Suka ce daga kanti. Na ce, "To, kuɗin fa?" Wani ɗan shekara takwas ya ce daga cikin kati. Na yi dariya, amma daren nan ban yi barci mai daɗi ba, gama yaron nan jikan fatake ne, ubansa kuwa yana tsaye bakin tebur a Fordham Road tun safe har dare, da zafi da sanyi, ga shi ɗansa bai san inda sisi yake fitowa ba.

Ana nan sai 'yata ta aro wani littafin yara mai zane a laburaren unguwa, sunansa Ox-Cart Man, wanda Donald Hall ya rubuta, Barbara Cooney ta zana, aka buga shi a 1979. Labarin wani manomi ne na zamanin da a ƙasar Amurka. Da kaka ta yi, ya ɗora wa amalanke abin da iyalinsa suka yi cikin shekara, su ulu da kyandir da tsintsiya da dankali da zuma, ya yi tafiyar kwana goma zuwa kasuwar Portsmouth. Ya sayar da kaya, ya sayar da amalanken, har san da ya jawo shi. Sa'an nan ya sayi tukunyar ƙarfe da allura da wuƙa da 'yar alewa, ya koma gida a ƙasa, aka soma sabon aiki.

Na kai shi makaranta. In an wanke allo, sai mu zauna rubu'in sa'a, ina nuna zane ina ba da labarin da Hausa. Wani dattijo da ya zo ɗaukar jikansa ya tarar da mu, ya ɓata rai, ya ce, "Malam, karatu muka kawo su, ba kallon saniya ba." Na ce, "Baba, ko harafi ba a rage ba, amma duba ka gani." Ya sa tabarau, ya yi ta juya takarda, can ya ce, "Kai, ai wannan fatauci ne!" Ya zauna, ya ba yara labarin kakansa, yadda ayari ke tashi daga Kano da kanwa da tufafi da jar fata, madugu a gaba, a yi wata da watanni kafin a kai Salaga a ƙasar Gwanja, a komo da goro bisa jakuna. Ya kuma faɗa musu yaƙin Salaga na 1892, wanda ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, zangunanmu suka cika.

Sai wata yarinya ta ce, "Don me ba su shuka goron a Kano ba, su huta?" Tambayar nan ita ta kai mu ga ilmin ƙasa. Goro itacen kurmi ne, yana son ruwa mai yawa da inuwa. Gishiri da kanwa kuwa sai inda rana ke shanye ruwa ta bar su, kamar Bilma da kewayen Tafkin Chadi. Watau abin da ƙasar wani ta hana shi, shi ta ba wani, can ne ciniki ya samo tushe. Muka jiƙa gishiri a faranti muka ajiye kusa da hita, da mako ya kewayo ruwa ya tafi, gishiri na nan fari fat.

Muka aro na biyu, The Magic School Bus Inside the Earth, na Joanna Cole, na 1987, mai nuna duwatsu iri uku: wanda ya narke ya daskare, da wanda laka da yashi suka taru suka zama, da wanda zafi da nauyi suka sāke. Muka tafi Central Park, yara suka shafa dutse iri na uku, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 450, suka ga zāne-zānen da ƙanƙara ta karce a jikinsa sa'ad da ta rufe wurin nan, wajen shekara 20,000 da suka wuce.

To, jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan su za su gaji kantunanmu da gidajen da muke ginawa a gida, wanda bai san wahalar kuɗi ba kuwa ba ya riƙe su. Katin laburare kyauta ne ga duk mazaunin birnin nan. Littafi zane kawai zai kawo, Hausar da labarin suna bakinku. Ina roƙon kowane dattijo ya ba mu Asabar ɗaya.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.