In Kunne Ya Ji, Mota Ta Tsira

Duk wanda ya san ni a Wudil ya san ba na tuƙi sai da waƙa. Da na tayar da tsohuwar Golf ɗina, abu na farko shi ne in saki waƙoƙin finafinanmu na da, irin su Sangaya, ina bi ina kaɗa kai. To, wannan ɗabi'a ce ta kusa ja min nadamar da ba zan manta ba.

Abin ya faro ne da hunturu. Kullum da asuba in na murza makulli sai in ji wani siririn ƙara, ƙiiii, daga cikin bonet, kamar kukan ɓera. Bayan minti biyu sai ya ɗauke. Na ce sanyi ne, mota ma tana jin abin da muke ji. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙaran ya daina jiran asuba, ko sitiyari na murɗa har ƙarshe sai ya tashi. Uwargida ta yi magana, na ce ta bar ni da motata. Wani abokina ya ce in goga wa fambel sabulu. Na goga, aka yi shiru na kwana biyu, ƙara ya dawo. Daga nan na samo maganin da ya fi sauƙi: da ya tashi sai in ƙaro waƙa.

A daidai wannan lokaci Inna, mahaifiyata, tana fama da tari. In na tambaya sai ta ce, "Ba komai, ƙurar hunturu ce." Ni ma sai na yarda, don yardar ta fi arha.

Wata Juma'a da hantsi ƙanwata ta bugo waya tana kuka, wai numfashin Inna yana sama-sama. Muka ɗauke ta sai Kano. Mai karatu, in ka san Wudil ka san abin da ake nufi da Juma'a: ranar kasuwa ce, manyan motocin shanu da 'yan kifi da masu babura duk sun cika titi. Muna cikin cunkoso dab da gada na ji wani abu ya yi fat! Jar fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta fara hawa. Kafin mu sauka gada tururi ya turnuƙe gaban mota. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Allah ya jefo wani direban haya, bawan Allah, ya sauke lodinsa ya ɗauki Inna da ƙanwata. Ni kuwa aka taya ni turi zuwa wani gareji a bakin titi.

Bakaniken dattijo ne, hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗaga bonet, ya zaro tsinkakken fambel ya nuna min, duk ya tsattsage, cikinsa ya yi sulɓi yana ƙyalli.

"Malam, wata nawa tana maka kuka?"

Na ce, "Baba, kamar biyu."

Ya girgiza kai. "Mota ba ta mutuwa sai ta yi sallama. Ku ne dai ba kwa amsawa."

Yana aiki yana karantar da ni, ni kuma raina yana Kano. Ya ce bel ne ke juya altaneta mai cajin batir, da famfon da ke zagaya ruwa cikin inji, da na sitiyari. In ya saki ko ya tsufa sai ya riƙa zamewa, wannan zamewar ce kukan da nake ji. Ya ce da na zo da wuri, ruwa kaɗan zai yayyafa wa bel ɗin inji na aiki. In ƙara ya ɗauke na ɗan lokaci, bel ya cinye ko ya karkace. In ya ƙaru, ɗauri yake so. In kuwa bai canza ba, to sai a nemi boris. Ya ɗauko doguwar sukundireba ya ɗora bakinta a jikin altaneta, ya kara kunnensa a mariƙin, kamar likita da abin awonsa. Ya ce ta haka ake jin boris ɗin da ya bushe. Ya gargaɗe ni kada in sake shafa wa bel sabulu, balle baƙin mai, don mai yana cinye roba.

Na tambaye shi sauran ƙararraki. Ya ce kowane da lokacinsa, don haka abu na farko a kashe rediyo, a sauke gilashi, a lura yaushe yake zuwa. In sai ka taka birki yake yi, ko ƙura ce, ko takalmin birki ya siɗe har ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe, wannan kuwa ba ya jiran gobe. In a kan gargada ko rami yake ƙiƙi-ƙiƙi, ka tsaya ka danna kowace kusurwar mota da ƙarfi, inda ya amsa nan bushin ya bushe ko shakazoba ta gaji. In kuma gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya ne.

Allah ya taimake ni na kashe inji da wuri, gasket bai ƙone ba. Ya ce da ya ƙone, da sai na yi safarar Ƙofar Ruwa neman kaya, kuɗin ya ninka na bel sau barkatai.

Da la'asar na isa asibiti. Inna ta samu barci, an sa mata ruwa. Likita ya dube ni ya ce, "Tun yaushe take wannan tarin?" Na buɗe baki, na kasa magana. Tambayar Baba ce ta dawo min, da amsa iri ɗaya.

Alhamdu lillahi, Inna ta kwana shida aka sallame ta, yanzu tana nan garau. Ni dai har gobe ina jin waƙoƙina, amma sai na yi minti biyar na farko shiru ina sauraron mota. Haka kuma in na shiga gaida Inna ta ce min ba komai, ba na tashi sai na sake tambaya.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya tsare mana hanya, amin.