Biri Ya Yi Kama Da Mutum



Ya kai mai karatu, in dai kai ɗan Kano ne, da wuya a ce ba a taɓa kai ka Gidan Zoo yawon Sallah ba. Gidan nan an buɗe shi ne a 1972, zamanin Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ni sana'ata ɗaukar hoto, kuma a can ne wani jan biri ya koya mini darasin da nake so in ba ka labarinsa.

Wata Laraba na yi sammako na je da kyamarata, don hasken safe ya fi taushi, kuma ba cunkoso. Bari in ɗan koya maka yadda ake yi. Ka matso da bakin kyamara kusa da wayar kejin iyakar inda aka yarda a tsaya, ka jira birin ya ja can baya, sannan ka saita a kan idonsa. In ka yi haka, wayar sai ta dushe kamar hazo. Kada ka kunna filasha, kada ka yi masa ihu, balle ka jefe shi wai don ya waigo. Sauran aikin duk haƙuri ne.

Na fi awa guda a tsugune. Can sai ya juyo, jan gashi, farin gashin baki kamar wani dattijo. Na ƙura masa ido, shi kuma ya yage leɓe, haƙora duk a waje. Ƙyas! Na ɗauka. Na ce a raina, yau na sami biri mai dariya.

Da na koma shago na ɗora hoton a kwamfuta. Na ƙara haske, na yanke gefe. Sai na ga saura inuwar waya a kafaɗarsa, na goge. Na ga bangon siminti a bayansa, na ce wannan ya ɓata hoto, na cire na sa masa ciyawa da itatuwa. Kai, hoto fa ya yi kyau! Na wanke babba na rataye.

Da yamma 'yar ƙanwata, mai shekara tara, ta biyo daga makaranta. Ta tsaya ta yi ta kallo, sannan ta ce, "Kawu, a daji ka same shi? Ba ka ji tsoro ba?"

Mai karatu, saura ƙiris in ce mata "E". Na ga yadda idonta ya cika da alfahari da kawunta. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Na zaunar da ita na ce, "A'a, 'yar nan, a keji yake. Dajin ni na liƙa shi." Sai ta ce, "To me ya sa yake dariya in a kulle yake?"

Tambayar nan ita ta sa na shiga bincike. Ashe masana dabbobi sun daɗe da bayyana cewa yage leɓe irin wannan ba dariya ba ce. Galibi alamar tsoro ce ko miƙa wuya. Ƙura ido kuwa, a wurin birai, barazana ce. Wato ni na tsorata shi, sannan na zo ina cewa dariya yake yi. Na kuma gano cewa jan biri ɗan ƙasarmu ne, mazaunin filin daji irin namu na Arewa, ya fi zama a ƙasa bisa kan bishiya, kuma duk cikin jinsin birai babu mai gudunsa, don yana kai kimanin kilomita 55 a awa. Ka ga dabbar da aka yi don gudu, tana zaune wuri guda domin ni da kai mu gan ta mu ilimantu, ni kuma na ɓoye wannan da hannuna.

Na sauke hoton. Bayan mako na koma, na zauna a gefe ban kalle shi ido cikin ido ba, har ya manta da ni yana tsince gashin hannunsa. Wannan hoton shi ne a shagona yanzu. Haske kawai na gyara, wayar tana nan. A ƙasa na rubuta: "Jan biri, Gidan Zoo, Kano."

Don haka ɗalibi, yau da kusan kowace waya ke gyara hoto, ga shawarata. Gyara haske ba laifi, yanke gefe ba laifi. Amma kada ka sa abin da babu, kada ka cire abin da zai canja labari. In kuma aka kai ka Zoo, ka tsaya a hankali gaban kejin. Biri ya yi kama da mutum, shi ma yana jin tsoro.