Maƙoƙo Ɗaya, Cuta Biyu

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan ya san maƙoƙo. Tsofaffinmu ba su ɗauke shi da wani nauyi ba, sai a yi tsaga, mace ta ja mayafi ta rufe wuyanta, shi ke nan. Yawancinsa rashin aidin a abinci ke kawo shi, domin haka ya fi yawa a ƙasashen duwatsu irin na wajen Jos. Tun da Gwamnati ta tilasta sa aidin cikin gishiri a 1993 ya ragu ƙwarai. To, amma akwai wani kumburin da gishiri ba ya maganinsa, a kansa nake so in yi magana da ku, 'yan'uwana masu koyon malanta, gama mu ne mutanen ƙauye za su riƙa tambaya.

A ƙarƙashin zakaran wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiranta tayirod. Ƙwayoyin halitta iri biyu ke cikinta. Na fari suna shan aidin, suna fid da ruwan da ke tafiyar da ƙarfin jiki. Na biyu kaɗan ne, ba ruwansu da aidin, abin da suke fitarwa sunansa kalsitonin. Kowane iri yana da tasa sankara. Ta na farin, watau fafilari, ita ce wajen takwas cikin goma, kuma tana jin magani. Ta na biyun, watau medulari, sai a 1959 wani likitan Amurka, Hazard, ya bambanta ta da sauran. Jifa-jifa akan sami su biyun a wuya ɗaya.

Abin da ya sami goggona ke nan, ƙanwar mahaifina. Nata kumburin bai fi ƙwallon goruba ba, amma ga tauri, muryarta kuwa ta dushe. Muka kawo ta asibiti a nan Bauchi, aka ɗauki hoton wuyan, aka sa siririyar allura aka ɗebo ɗan abin da ke ciki, aka ce fafilari ce. Sai bayan da aka yi mata aiki aka cire tsokar duka, aka duba ta a madubin likita, sa'an nan aka ga ta biyun a ɗaya gefen. Allura ai inda aka soka ta kaɗai take ba da labari.

Ga inda sha'anin ya yi wuya. Mai fafilari akan ba shi aidin mai raɗiyeshin ya sha, irin wanda ake bayarwa a Asibitin Jami'a na Ibadan, ragowar cutar ta shanye shi ta mutu. Medulari kuwa ba ta shan aidin, sai wuƙar likita, a cire har da kaluluwar wuya, a riƙa auna kalsitonin cikin jini domin a ga ko ta komo. Wanda aka yi wa maganin ɗaya aka bar ɗaya, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wajen ɗaya cikin huɗu na masu medulari gadonta suka yi. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, ana ce da ita RET. Likita ya ce a auna 'ya'yan Goggo da 'yan'uwanta. 'Ya'yan sun je. Goggo tana shan ƙwayar tayiroksin kowace safiya, za ta sha har iyakar ranta, ta ma koma sayar da ƙosanta.

Mahaifina ne ya ƙi. Na ce, "Baba, jini kaɗan za su ɗiba." Ya shafa wuyansa ya ce, "Ina kumburin yake?" Idan an ba mu hutu zan tafi da takardar likitan in karanta masa a gaban yayansa, ko ya ji maganarsa.