Ranar da mekanisiye ya hana mu tashi daga Damagaram



Wasunku za su tuna bazarar da aka yi mako guda ba a ji muryarmu a rediyo ba. Horo aka kira mu Yamai, mu biyu, kuma waɗanda suka kira mu suka biya mana jirgi. Mu da muka saba da kar, kusan kilomita 900 daga Damagaram, a tashi da asuba a sauka da dare ƙafa ta kumbura, sai ga shi an ce kamar awa biyu. Daren ranar ba mu yi barcin kirki ba.

Da muka ga jirgin, gaskiya mun ɗan raina shi. Farfela biyu, ɗaya a kowane fiffike. A ranmu farfela tsohon yayi ce. Ashe rashin sani ne. Abin da ke bayan farfelar nan inji ne irin na manyan jirage, kananzir yake sha ba isansi ba, sai dai ƙarfinsa ana juya farfela da shi. Yana tashi a gajeren fili, ba ya cin mai sosai a gajeren zango. Shi ya sa yawancin jiragen fasinja da na ƴan agaji masu sauka Damagaram, Maradi da Difa irinsa ne, su ATR, su Fokker 50, su Dash 8.

Wajen ƙarfe 11 muka shiga. Matuƙi ya tada injin dama, farfela ta fara gudu, sai kawai ya kashe. Aka ce kowa ya sauka.

Awa biyar muka zauna. Kun san halinmu, gunaguni ya tashi, kuma ba za mu ɓoye ba, har da mu a ciki. Wani Alhaji ya tare mekanisiyen ya ce: "Malam, don Allah ku lallaɓa shi haka mu kai Yamai, can sai a gyara." Bawan Allah ya goge hannunsa ya ce: "Alhaji, mota in ta yi pan ana faka ta gefen hanya. Sama ba ta da gefen hanya."

Ɗan rediyo ba ya zama shiru, sai muka bi shi da tambaya bayan ya gama. Ya ce lokacin tada injin allurar zafi ce ta haura fiye da yadda ta saba. Batir ya yi rauni, bai juya injin da saurin da zai jawo isasshiyar iska ba, mai kuma ya riga ya kama wuta. Daƙiƙa kaɗan a irin wannan zafin sun isa su ƙona ƙananan fukafukan da ke cikin injin. Don haka sai da aka canza batir, aka zura wata ƴar kyamara aka leƙa ciki, aka rubuta a littafi, ya sa hannu. In bai sa hannu ba, ko mai kamfanin ne ya zo jirgin ba ya motsi.

Littafin nan shi ya fi ba mu mamaki. Kowane ƙarfe mai muhimmanci yana da lissafin awanninsa. Ya ba mu misali da injin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, wanda ke kan jirgin King Air: a yawancin samfurinsa, in ya yi awa 1,800 sai a buɗe ɓangaren wuta a duba, in ya kai 3,600 a sauke shi gaba ɗaya a warware, ko da yana kuka lafiya lau. Ga kuma namu na nan, ƙura da rairayi, masu cin fukafukan injin a hankali kamar yadda dutsen niƙa ke cinyewa.

Mun ce to ai inji biyu ne, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Ya yi dariya. Ya ce mu tuna garmar shanu: in sa ɗaya ya durƙusa ana cikin huɗa, ɗayan ba ya miƙe kunya, juya garmar yake yi. Haka jirgi. Injin da ya rage yana fizgar shi gefe, farfelar da ta mutu tana tare iska. Dole nan take matuƙi ya taka ƙafa ya miƙe hancin jirgin, ya juya bakin farfelar ta daina tarewa, kuma kada gudu ya sauka ƙasa da wani adadi, in ba haka ba jirgin ya kife. In lokacin tashi ne, babu damar tunani. Shi ya sa matuƙan fasinja ke komawa na'urar gwaji duk wata shida ana kashe musu inji da gangan.

Daga baya mun karanta labarin Mitsubishi MU-2, wani jirgin Japan mai gudun tsiya, an ƙera kimanin 700 tsakanin 1963 da 1986. Ya yi ta faɗuwa a Amurka har wasu na cewa a hana shi tashi. A 2008 hukumar jiragen sama ta can ta wajabta horo na musamman, ana maimaita shi duk shekara. Haɗarin ya ragu ƙwarai, alhali jirgin shi ne dai.

Kusa da mu ma ba mu manta da 2021 ba. Ranar 21 ga Fabrairu, King Air 350 na sojan saman Najeriya ya sanar da matsalar inji, ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja, mutum 7 suka rasu. Ranar 21 ga Mayu wani irinsa ya faɗi Kaduna, cikin mummunan yanayi, da babban hafsan sojan ƙasa Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10. Allah ya jiƙansu. Da mun tuna wannan ranar, da ba mu yi gunaguni ba.

Ƙarfe 4 muka tashi, rana na dukan kwalta. Da zafi iska ba ta da kauri, fiffike da inji duka ƙarfinsu yana raguwa, sai matuƙi ya sake lissafin nauyi aka rage kaya. Buhun Alhaji ya kwana Damagaram, haka kwalin mangwaron da muka ɗauko tsaraba. Washegari ya iske mu, rabi ya yi laushi.

Da muka dawo gida sai muka dubi gurup ɗin tasharmu da wani ido daban. Shekara nawa yana aiki, babu mai iya cewa ga awannin da ya yi. Bidanj sai ya fara hayaƙi. Sau biyu yana mutuwa muna tsakiyar sanarwar rasuwa, kun ji da kunnenku, muka ɗora wa mai gyara laifi. Takardar da aka sayo shi da ita kuwa tana cikin durowa, ta ce a canza mai duk awa 250.

Muka sayi kaye na ƴan lakwal muka rataye jikin ƙofar ɗakin. Duk wanda ya tada ya rubuta, wanda ya kashe ya rubuta. Da farko abokan aiki na yi mana tsiya, wai ga masu jirgin sama. Jiya lissafi ya kai awa 238. Don haka ranar Lahadi da safe in kun murɗa kun ji shiru kamar awa ɗaya, ba pan ba ne, bidanj muke yi.