Pendon: Inda Kan Jirgin Kwal Ke Tafiya a Bayan Gilashi

Ranar Asabar muka hau jirgi a tashar Paddington ta Landan, ni da ɗan ƙanwata da ke karatu a can. Ba mu cika awa guda ba muka sauka a Didcot, garin da layin dogo ya raya, daga nan tasi ta kai mu ƙauyen Long Wittenham da ke kusa da kogin Thames. A nan gidan tarihi na Pendon yake, ɗan gini ne mai sauƙin wucewa ga wanda bai san da shi ba.

Wani ɗan Ostareliya mai suna Roye England ne ya kafa shi a 1954. Ya zo Ingila a 1925, ya tarar ana rushe tsofaffin gidajen karkara ana zuba na zamani, abin ya dame shi. Sai ya shiga auna su yana sake gina su da kwali, kowane abu an rage shi kimanin sau 76. Bulo ɗaya-ɗaya ake shafa wa launi da ɗan siririn buroshi, jinkar wasu gidajen farko kuma da gashin mutum aka yi ta. Duk wannan abin kallo ne, amma ni ƙananan jiragen ƙasa na gidan suka kawo ni.

A sashen da suka kwaikwayi tsaunukan Dartmoor, akwai doguwar gadar katako irin waɗanda injiniya Brunel ya gina a yammacin Ingila. Muna tsaye sai kan jirgin kaya ya ɓullo, samfurin nan na kamfanin Great Western da ake kira 28xx, wanda injiniya Churchward ya tsara a 1903: ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja. Tsawonsa bai fi taƙi da 'yan yatsu ba. An fito da kawunan ƙusoshin jikinsa, da siraran bututai, da ƙarfen da ake riƙewa a hau, har da dattin kwal da ya dusashe fentin. Yawancin kawunan jiragen gidan na farko wani mai suna Guy Williams ne ya ƙera su da hannu.

Abin da ya tsayar da ni shi ne tafiyarsa. Yana jan taragu masu ɗimbin yawa, a hankali, ba fizga, ba tangal-tangal, sandunan da ke haɗa ƙafafun suna hawa suna sauka kamar hannun mai tuƙa tuwo da ya san aikinsa. Yaron ya ce, "Kawu, ai da sun ƙara masa wuta." Wani dattijo daga masu aikin sa-kai na gidan ya ga muna nuni, ya matso ya yi mana lissafi: jirgin kayan da ke cin kilomita 40 a awa, in an rage shi sau 76, kimanin santimita 15 zai ci a daƙiƙa. Gudu kowane abin wasan yara yana yi. Gwaninta tana ga rarrafe.

Ya bayyana mana abin da ke hana hakan. Ba tururi a cikin waɗannan, ɗan injin lantarki ne a ɓoye a tukunyar, kuma wutar daga ƙarfen layin take shiga ta ƙafafu. Ƙura kaɗan a kan layi ta isa ta yanke ta, jirgi ya tsaya cak. Shi ya sa ake goge layin a kai a kai, ake cusa dalma a duk wani gurbi na jikin kan jirgin don ya yi nauyi ya kama ƙarfe. Sannan dole maƙalan sandunan dama da na hagu su saɓa da rubu'in zagaye daidai a kowane gatari, kamar yadda yake a babban jirgi. In ɗaya ya kauce ko da ƙiris, kan jirgin zai riƙa ɗingishi a kowane juyi, kuma ba adon da zai rufe wannan aibi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na sha ganin samfura masu tsada, an ƙawata su har da agogon matsin tururi a ɗakin direba, amma da an ba su wuta sai su zabura. Nan take ido ya daina gaskata su.

Akwai kuma batun faɗin layi, wanda masu wannan sana'a a Ingila suka daɗe suna jayayya a kai. Faɗin layin dogo na gaske a can milimita 1,435 ne, wanda in an rage shi ya kamata ya zama 18.83. Amma samfuran kanti da ake kira OO a kan 16.5 suke tafiya, domin a zamanin da aka fara su injin lantarki bai shiga ƙaramin jiki, sai aka ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Pendon sun ƙi wannan, suna shimfiɗa nasu da hannu a kan kimanin milimita 18. Bambancin bai kai milimita biyu ba, amma in ka duƙa ka kalli kan jirgin ta gaba za ka ga ƙafafun sun zauna inda ya dace. Na tuna tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911, mai faɗin milimita 1,067. Wanda zai kwaikwayi jiragensa shi ma sai ya fara warware wannan lissafi kafin ya yanka ƙarfe.

Da muka koma Didcot da sauran rana, sai muka shiga cibiyar adana tsofaffin jirage da ke jikin tashar, inda rumfar kawunan jirage ta 1932 take har yanzu. Akwai ƙanen 28xx na gaske a can, mai lamba 3822. Yaron ya zaro wayarsa, ya buɗe hoton da ya ɗauka a Pendon, muka bi jikin babban daga bututun hayaƙi zuwa ma'ajin kwal muna gwadawa, har ma'aikacin wurin ya zo ya ce za su rufe ƙofa.