Sallama da Yaran Maiurno

'Yar'uwa, ko kin taɓa jin labarin Maiurno? Gari ne a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, kudu da Sennar kaɗan. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa shi da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Can na yi shekara guda ina koya wa 'yan mata ƙanana Turanci.

Da kin shiga kasuwarsu sai ki ji Larabci da Fulatanci da Hausa. Tuwo kuwa sai na haƙura da shi, na koyi cin kisira, watau wata 'yar siririyar waina ta dawa.

Ran da zan taso, a 2022, iyayensu mata suka ƙunsa mini lalle, yara suka kewaye ni suna kuka. Wata 'yar shekara 8 ta riƙe mini mayafi, ta ce, "Malama, in kin isa Sakkwato ki gai da danginmu." Ga shi ko kakarta ba ta taɓa ganin Sakkwato ba! Na yi musu alkawarin komowa baɗi, na fita da gaggawa don kada su ga hawayena.

Yaƙi ya tashi a 2023, ya kai jihar Sennar a 2024. Har yau ban koma ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, in za ki rabu da wani, tsaya ki yi sallama sosai, ku yafi juna. Allah Ya tsare yaran nan, amin.